Albasar da Ban Dasa Ba

Shekarar da aka kira mu horo a Ƙonni, ban yi noma ba. Ina koyar da lissafi a wata lakwal ta sakandare a yankin Malbaza, kuma hutun damina ne kaɗai nake samun duba gonar gidanmu. Na bar wa ciyawa ita na tafi, don an ce za a koya mana haɗa karatun aji da sana'a.

Ba zan yi wa horon sharri ba, ya yi kyau. Noman rani aka koya mana. Ka ga manyan malamai masu tumbi sun durƙusa cikin laka suna auna fangali, wato kwamin da ake shuka a ciki, kowa na nishi. Na dawo da zumuɗi kamar sabon ango.

Ni da ɗalibaina muka share bayan azuzuwa, muka yi shingen ƙaya, muka zuba irin albasa. Yaran da ke gyangyaɗi in na ɗauki alli, su ne ke gardama a kan faɗin fangali da yawan ruwan da zai sha. Tunda na fara koyarwa ban taɓa jin daɗin aikina irin na lokacin ba. Iri ya tsiro kore shar, saura dashe.

Sai daraktan lakwal ɗinmu ya kira ni buro, wato ofishinsa, wai an maida ni wata lakwal a Bazaga, inda ruwan sha ma sai an sa jaki.

Na ce, "To, lambun fa?"

Ya ce, "Mushe," haka ake kiran malami a wurinmu, "daga sama anka aiko. An kawo wani, malamin Faransanci na."

Mutumin kirki ne, amma bai je horon ba. Waɗanda suka tura ni na koyo su ne suka ɗauke ni, kuma ban ga alamar sun tuna ba. Har yau abin na ci mini rai.

Bayan 'yan makonni na koma ɗaukar sauran kayana. Na tsaya bakin taga, na tarar sabon malamin yana yi wa yarana shifta da Faransanci a kan yadda ake dashen albasa, suna rubutawa tsaf. A bayansu shingen ya faɗi, irin ya bushe, akuya na kwance a tsakiyar fangalin.