Rahmatu da Mutumin Kalgo

Duk wanda ya saba bin hanyar Masama zuwa Gwandu da sassafe ya san Rahmatu, ko da bai san sunanta ba. Doguwa ce siririya, tana tafe da ƙoren nono a kai, ba ta waiwaye ko mota ta yi mata ham. Tun tana amarya take wannan tafiya daga rugarsu, har ga shi yau gwiwa ta fara yi mata gardama. Shanun na mijinta Hamidu ne, nonon kuwa nata ne, kuma da shi ta tufatar da 'ya'ya ta aurar da matan cikinsu.

Akwai wani gawo a bakin titi, daidai inda hanyar rugar ta ɓullo. Motocin haya ba sa tsayawa a nan. Tun daga tasha suke cika maƙil, su wuce kamar an koro su. 'Yan acaba suna tsayawa, amma wace mai hankali ce za ta ɗora kindirmo a babur a wannan hanya? Kafin a isa gari ya tsinke ya zama ruwa. Don haka matan rugar ƙafa suka sani. Wadda ta makara rana ta dafa mata nono, ta tarar masu fura sun riga sun saya a wurin wasu.

Rahmatu tana da ɗa guda da ba ta taɓa kiran sunansa ba. Habibu ne ɗan farinta, kuma a wurinsu uwa ba ta ambatar ɗan fari, ba ta zama da shi, ba ta yi masa magana a gaban mutane. Ana yaye shi aka kai shi Kalgo wurin Bawa, yayan mijinta, wanda ya sa shi makaranta. In magana ta kama dole, sai ta ce "mutumin Kalgo". In ya zo gaisuwa, nan take za ta tuna da wani aiki a bayan bukka. Amma man shanun da ya fi kowane kyau Habibu ake kai wa, kuma kowa ya san daga inda ya fito. Tana sonsa fiye da yadda take son ranta, kuma tana alfahari da cewa babu wanda ya taɓa ganin hakan a fuskarta.

Ana nan sai labari ya zo cewa ƙananan hukumomin Gwandu da Kalgo sun haɗa kai za su sa manyan motoci na jigilar jama'a a tsakaninsu, masu tsayawa a wurare sanannu. An kafa kwamiti da zai zagaya ya ji inda mutane suke son a tsaya, kuma Habibu ne aka ba shugabancinsa. Ya yi aikin da gaske. Ya je Diggi, ya je Wurogauri, ya zo har Masama. Ya zauna da maza, ya sa aka tara masa mata daban. Rugar su Rahmatu ce kawai bai taka ba. Aikawa ya yi ga Arɗo Jibrin, shugaban rugar, a tambayo masa. Arɗo ya tara maza, waɗanda kusan kowanensu yana da babur a jingine, suka ce su kam ba su da wata damuwa, Allah ya saka wa gwamnati. Masu ɗaukar ƙwarya babu wanda ya tambaye su.

A kasuwa Rahmatu ta ji cewa motar ba za ta tsaya a gawo ba. Ta haɗiye abin, ta ci gaba da auna nono. A makon nan ne Binta, matar ɗan Arɗo, mai tsohon ciki, jiri ya kwashe ta a tsakiyar hanya. Rahmatu ce ta tarar da ita zaune a gefen kwalta, nono ya malale, motoci suna wucewa. Ta yi mata fifita da faifai har ta dawo hayyacinta.

Matan suka yi shawara. An ce za a yi taron ƙarshe a Gwandu, daga shi kuma an rufe magana. Rahmatu ce babbarsu, ita ta fi su iya magana da mutanen gari, amma babu wadda ta ko kalle ta, don kowa ya san wanda zai zauna a kujerar gaba. Suka tsayar da Binta, tunda a kanta abin ya faru.

Ranar taron zauren ya cika. Matan rugar suka raɓe a baya, ƙorensu a ƙasa. Rahmatu ta zauna a bayan wani ginshiƙi yadda ba za ta ga teburin gaba ba, amma muryarsa tana shigo mata ta lasifika. Direbobi suka yi magana, 'yan kasuwa suka yi, malaman makaranta suka yi. Da aka ce ko mata suna da abin faɗa, Binta ta yunƙura ta miƙe. Sai idonta ya faɗa kan Arɗo Jibrin, surukinta, zaune a sahun farko. Babu wadda ta yi tunanin zai zo. Binta ta ja gyale ta rufe fuska, ta koma ta zauna. A gaban suruki ko sunanta ba za ta iya faɗa ba.

Habibu ya sake tambaya ko akwai mai magana. Babu wadda ta tashi. Ya fara tattara takardunsa.

Rahmatu ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Ta juya wa teburin baya, ta fuskanci wani dattijo da ke kusa da ita, ta ce a gaya wa mutumin Kalgo cewa matan gindin gawo suna da magana. Kafin ta ƙarasa, wani Umaru daga Masama, wanda aka hana wa tasha a ƙofar shagonsa, ya ɗaga murya ya ce ai wannan uwar shugaba ce, yanzu za a ga yadda ake raba tasha. Wasu suka yi dariya.

A nan Rahmatu ta gane. Ba mantuwa ɗanta ya yi ba. Kunyar zama a gabanta ya yi, ya kuma ji tsoron irin wannan bakin, sai ya tsallake rugar gaba ɗaya. Kunyar da ta riƙe tsawon rayuwarta kamar kayan ado, ita ce ta zaunar da Binta a gefen kwalta. Ranta ya ɓaci, da shi da ita kanta. Ta juyo ta dube shi ido cikin ido.

"Habibu," ta ce.

Matan rugar suka sunkuyar da kai gaba ɗaya. Arɗo ya kau da fuska.

"Ka tahi Diggi, ka tahi Wurogauri, ka zamna da matansu. Mu mi munka yi? Don ni na haihe ka, shi na za ya sa ɗiyar mutane ta haihu bisa titi? In ni ta na hana ka ganinmu, to ka ɗauka ba ka da uwa cikin wanga taro. Ka tambaye mu kamar kowa."

Habibu ya miƙe. Ya ce kuskuren nasa ne, kuma bai dace ya zauna a kan wannan magana ba. Ya miƙa wa mataimakinsa kujera, ya fita. Arɗo Jibrin ma ya tashi ya bi bayansa, kuma sai a lokacin Binta ta samu baki. Kwamitin ya saurari matan, aka yi ta ja-in-ja da su Umaru, daga ƙarshe aka amince motar safe da ta yamma za su tsaya a gawo, a kuma bar wurin ajiye ƙore a baya.

Rahmatu ba ta ji daɗin nasara ba ko kaɗan. A ruga tsofaffi suka riƙa yin shiru in ta iso rijiya. Abin da ya fi damunta shi ne kalmar da ta fita daga bakinta, cewa ba shi da uwa. Salla ta zo ta wuce, mutumin Kalgo bai zo gaisuwa ba. Ta aika da man shanu, ba ta ji an ce komai ba.

Ranar da motocin suka fara aiki, matan suka yi sammako a gindin gawo, har da Binta da jaririyarta a baya. Motar ta taho, ta rage gudu, ta tsaya. Matan suka fara shiga. Rahmatu ta sa ƙafa a matakala ke nan ta hango shi a kujerar gaba. 'Yan kwamiti sun biyo motar farko don su ga yadda abin zai tafi. Ta janye ƙafarta. Ta riga ta yi abin da ta yi sau ɗaya, ba za ta ƙara da zama mota ɗaya da shi ba. Ta gyara gammo, ta juya za ta kama hanya kamar kullum.

Habibu ya sauko. Bai dube ta ba. Ya sauke ƙoren daga kanta, ya shiga da su ya jera a baya da kansa, ya fito ya tsaya nesa da ƙofa, ya yi wa direba alama da hannu. Binta ta jawo ta ciki ta zaunar da ita.

Motar ta tashi. Rahmatu, wadda ba ta waiwaye a hanya, ta waiwaya. Ta gilashin baya ta gan shi da takalmin ofis, ya naɗe ƙafar wando, ya kama hanyar Gwandu a ƙasa.