Tukwanen Yaya Isuhu da aka fasa

Bana shekara tara ke nan da aka kai yayana Isuhu makwancinsa a ƙauyenmu, can ƙasar Tchaké. Ni ƙanwarsa ce, ina aure a Tasawa. Duk shekara in an taru addu'a sai in ji ana cewa ai mutumin kirki ne, bai taɓa cutar kowa ba. Gaskiya ne. Abin da ba a faɗi shi ne yadda aka cuce shi.

Manomi ne kamar kowa, har ranar da motar kasuwa ta kife da su a hanyar Mayahi, ƙafafunsa suka mutu. Gona ta fi ƙarfinsa. Ya yi wata da watanni kwance, fuskarsa na kallon bango. Ran nan ya ce wa Innarmu ta miƙo masa wata fasasshiyar tukunya da za ta yar. Ya cika ta da ƙasa da takin awaki, ya shuka ɗoɗɗoya.

Daga nan abin ya kama shi. Tsohon bidon ruwa, kwanon da ya huje, tayar babur, duk ya tara a ƙofar ɗakinsa, daidai inda hannunsa ke kaiwa daga kan tabarma. Ya shuka lalle, sure, kuɓewa, da ɗan lemun tsami. Da ruwan alwalarsa da na wankin tsaba yake ba su. Ya ajiye kasko da ruwa a tsakiya. Sai ga baiwar Allah, 'yan jajayen tsuntsayen nan, suna sauka har kusa da gwiwarsa. Da lalle ya yi fure, malam-buɗe-littafi suka riƙa zuwa, farare da masu ɗigo-ɗigo. Na taɓa kai hannu zan kashe wata tsutsa a ganyen lemun, ya riƙe ni.

"Bar ta, Hajo. Nan gaba kaɗan da fukafukai za ki gan ta."

A ranar na fara jin dariyarsa tun bayan haɗarin.

Sai shekarar da tsuntsayen jan baki suka faɗa wa gonaki, suka cinye hatsi yana tsaye. Mutane sun ji jiki, ban musa ba. Amma sai aka fara raɗa cewa Isuhu ne ke kiran tsuntsaye gari. Wasu har suka ce asiri ne, wai don shi ba ya noma, ba ya son kowa ya samu. Ɗan baffanmu Sale ya shigo gidan da maza riƙe da sanduna. Inna ce ta ba ni labari. Ta ce Yaya ya ɗaga kai ya ce, "Sale, dube su mana. Waɗannan ba su ke cin hatsinku ba. Ga su nan, tsakin da nake watsawa suke tsinta."

Sale ya ce, "Tsuntsu dai tsuntsu ne, Yaya."

Suka farfasa komai a gabansa, mutumin da ba ya iya tashi ya tare ko tukunya guda. Da na zo daga Tasawa na kawo masa sabbin tukwane, ko dubansu bai yi ba. Ya koma kwanciyarsa ta da. Bai ga wata damina ba. Likita ya ce ciwon ƙirji ne, ni kuwa na san abin da na gani.

Jan baki sun dawo bayan mutuwarsa, sun sake dawowa. Ba a sami tukunyar da za a fasa ba, sai aka ce jarrabawa ce daga Allah. Ina ma an tuna da haka tun yana raye.

Me zai ce da ya ga yau? Sale ya gina gida a Mayahi, ya jera furanni a baranda cikin tukwanen siminti, baƙi suna yaba masa. Na san Yaya: tambayarsa zai yi ko yana ba su taki. Shi haka yake. Ni ba haka nake ba.

Bai bar ɗa ba, gonarsa ta shiga rabo, ɗakinsa ya zama wurin ajiyar harawa. Abin da ya rage 'yan shekarun nan ne da ya ji daɗin rayuwa a kan tabarma, kuma ko mutum ɗaya cikin waɗanda suka raba shi da su bai zo gaban Inna ya ce ta yafe masa ba, har ita ma ta rasu. Allah ya jiƙansu. An ce mini in yi haƙuri, an daɗe. Haƙuri na yi. Yafiya ce ba a roƙa ba, ni kuma ban bayar ba.