Sunan Yayana Da Na Sace

Kafin in zama abin da na zama, ni ɗan dako ne a Bab Makka, cikin birnin Jidda. A nan aka haife ni. Iyayenmu Hajji suka zo suka zauna, mahaifinmu ya rasu ina goye, ya bar Inna da sayar da waina a bakin kasuwa. Ba ni da takarda ko ɗaya da ke shaida akwai ni a duniya. Abin da Allah ya ba ni shi ne jiki. Dilar yadi da ƙarti biyu ke kamawa suna nishi, ni kaɗai nake saɓa ta in haura bene ina fito.

Yayana Iliyasu shekara huɗu ya ba ni. Shi a can ƙasarmu aka haife shi, daga baya ya biyo mu da fasfonsa, ya samu kafili, wato Balaraben da ya tsaya masa, aka yi masa iƙama, takardar izinin zama. Direba ne a wani gida a unguwar Abhur, can bakin teku. A ɗakinmu shi kaɗai ke iya wucewa ta gaban askari, wato ɗan sanda, bai sauya hanya ba. Muna kama sosai, sai dai shi siriri ne, ni kuwa kamar an hura ni.

Da aro na fara. Ranar Juma'a nakan ce, "Yaya, ara mini iƙamarka in je in ga teku." Yakan miƙo mini ya ce, "Ka dawo da ita kafin la'asar." Daga baya na daina tambaya, sai in zare ta daga aljihun rigarsa in mayar bai sani ba. Ban taɓa kiran wannan sata ba. Ai na ɗan'uwana ne, haka nake gaya wa kaina.

Wata Juma'a na bi shi Abhur, na tarar da Turawan da ke aikin ginin sabon filin jirgi suna guje-guje a kan yashi da wata ƙwallo mai siffar ƙwan jimina. Mutum ɗaya ya rage musu, suka yafito ni. Aka ce in tare duk wanda ya taho da ƙwallon. Babbansu ya taho a guje, na rungume shi kamar dila na ajiye shi a ƙasa. Ya daɗe bai tashi ba. Da ya tashi dariya yake yi, ya ce wa Yaya, wanda ke mana tafinta, "Gaya masa a garinmu biyan mutum ake yi ya yi abin da ya yi mini yanzu. Yana da fasfo?" Yaya ya yi dariya shi ma, ya ce, "Wannan ko takardar haihuwa ba shi da ita." Ni ban yi dariya ba. Wata shida ina zuwa wasansu duk mako, maganar fasfon nan tana cina.

Kafili ne ke riƙe fasfon ma'aikacinsa, ba ya kwana a gida. Amma a shekarar nan Yaya zai koma gida ya yi aure, sai kafilinsa ya buga masa izinin fita ya danƙa masa fasfon. Mako ɗaya kacal zai yi a ƙasan akwatin Inna. Da safiyar kwana na uku, Yaya ya tafi kasuwa sayen kayan lefe, Inna tana wajen waina. Na buɗe akwatin. Akwai wani mutum a unguwar Balad, a bayan shagon gyaran agogo, da ke ɓamɓare hoto ya liƙa wani. Shi ya liƙa nawa a fasfon Yaya. Baturen kuwa na ce masa sunan da ake kirana da shi laƙabi ne, sunana na yanka Iliyasu. Bai tsananta tambaya ba. Ban yi wa kowa sallama ba.

Garin da aka kai ni a arewacin Ingila yake, garin masu haƙar kwal, inda ruwan sama ba ya gajiya. Wasan sunansa ragbi, irin wanda ake yi da mutum goma sha uku a kowane ɓangare. Aikina bai da wuyar ganewa: a miƙo mini ƙwallo, in sunkuyar da kai in afka cikin ƙarti uku, su kayar da ni, in tashi, a sake. In an kayar da mu sau shida sai mu ba abokan hamayya ƙwallon, ni kuma in koma kayar da su. Dako ne, wallahi, sai dai a nan ana tafi. Shekara bakwai ina yi, an karya mini hanci sau biyu, haƙoran gaba suka tafi a shekarar farko. Mutanen garin sun so ni. Ba su iya faɗin Iliyasu ba, sai su riƙa ihu, "Ili! Ili!" Duk ranar wasa dubban mutane na kiran yayana, ni ina ɗaga musu hannu. Wani lokaci nakan waiga, kamar zan gan shi tsaye a bayana.

Wasiƙa ɗaya na samu daga Inna, maƙwabci ya rubuta mata. An fasa auren. Kafili ya kori Yaya, ya ce sayar da fasfon ya yi. An ce ya kai ƙara, ya ƙi, don in ya kai ni za a kama, kuma askarawa za su zo ɗakin da Inna ke zaune ba takarda. Yanzu yana dako a Bab Makka, a gurbina, da wannan siririn jikin nasa. Na karanta, na ninke, na aika musu da agogo da hotona da aka buga a jarida. Ba a ba ni amsa ba.

A shekara ta biyar gwiwata ta fara kumbura. Wani abokin wasa ya miƙo mini ƙwaya, ya ce, "Sha ɗaya, ba za ka ji komai ba." Gaskiya ya faɗa. Daga ɗaya na koma huɗu, daga sha na koma sayar wa 'yan'uwana 'yan wasa. Da gwiwar ta ƙi gaba ɗaya, aka yi mini musabaha, aka ba ni lambar yabo ta tagulla da sunan Iliyasu a jiki, aka nuna mini ƙofa. Mai ba ni ƙwayar ya ce a Jidda kuɗinta ya ninka. Na nemi bizar Umra, na farke ƙwallon ragbi huɗu, na cika su da ƙwayar, na ɗinke, da sunan tsaraba.

A filin jirgin da Baturen nan ya taya ginawa aka tsayar da ni. Askarin bai taɓa ganin ƙwallo irin wannan ba. Ya juya ta, ya kai kunne, ya girgiza. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya zaro wuƙa.

A ƙasar nan laifi irin nawa yana iya kai mutum ga takobi. Wata tara ina jiran hukunci. Duk safiyar Juma'a, in muka ji takun takalma a farfajiya, ɗakin kan yi tsit, kowa na sauraron sunan da za a kira. Ni kuwa sunan da nake tsoron ji ba nawa ba ne. Ranar shari'a alƙali ya karanta, "Iliyasu," ya ɗago kai ya ce, "Kai ne?" Ƙofar gaskiya ke nan aka buɗe mini. Na ce, "Ni ne." Aka yanke shekara goma sha biyu, aka rubuta wa yayana laifin da bai san an yi ba. Yaya bai taɓa zuwa ganina ba, amma Inna tana zuwa duk da ba ta da takarda, kuma duk zuwanta da ƙullin dabino take zuwa, ta ce, "In ji yayanka."

A shekara ta shida Inna ta zo hannu rabbana. Ta zauna a bayan ragar wayar da ta raba mu, ba ta amsa gaisuwata ba.

"Yayanka ya rasu," ta ce. "Yau kwana goma sha tara."

Na yi salati. Na ce, "Inna, a ina aka binne shi?"

"Ba a binne shi ba. Ciwon suga ya cinye shi a ɗaki, don asibiti sai da takarda. Da ya cika na kai musu tsohuwar iƙamarsa, suka duba suka ce mai wannan sunan yana da rai, yana kurkuku. Gawar da ba a san mai ita ba kuwa ba a sakinta. Yana can cikin ƙanƙara." Ta matso da fuskarta jikin wayar. "Ka ci aurensa, ka ci aikinsa, na yi shiru. Halas, ya isa haka. Ka mayar masa da sunansa a sa shi a ƙasa."

Kwana biyu na yi ban faɗa ba, kuma wannan ne abin da ya fi ba ni kunya a duk labarin nan. Ina lissafin shekarun da za a ƙara mini, ɗan'uwana yana kwance a aljihun ƙarfe. A rana ta uku na nemi ganin shugaban gidan yarin. Ya ce, "Sunanka?" Na buɗe baki, sai da na yi tunani kafin in tuna nawa. Aka yi bincike, aka ƙara mini shekara uku, aka saki gawar bayan ta yi kwana talatin da huɗu.

Ban tarar da Inna da rai ba. Ranar da aka sake ni, daga kurkuku sai mota, daga mota sai jirgi, aka sauke ni a ƙasar da ban taɓa gani ba aka ce ita ce tawa. Yanzu gadi nake yi da gwiwa ɗaya. Na tuba, ina kuma roƙon Allah gafara kullum, amma wanda ya kamata in durƙusa a gabansa ya riga ya tafi.

Ku samari, ku ji ni. Ba da ƙwaya na fara ba, da zare takarda daga aljihun riga na fara, ina cewa ai na gida ne. Abin ɗan'uwanka ba naka ba ne, kuma shirun da ya yi maka ba izini ba ne. In wata hanya ta buɗe muku, ku tsaya ku tambayi kanku wa za a bari a baya yana ɗaukar kayanku. In kuma kun riga kun ɗauka, ku mayar yau, tun mai abu yana iya miƙo hannu.

Lambar tagullar nan tana wurina har yanzu. A maƙabartar Jidda ba a rubutu a kan kabari, don haka ko da za a bar ni in koma, ba zan gane nasa ba. Wuri ɗaya da ya rage mini da aka rubuta sunan Iliyasu shi ne jikin abin da na samu da satarsa.