Miyar da Lowenna Ta Juya Ta Hagu

Ni na buga wa Lowenna Hosken littafinta na girki a keken rubutu, shekara talatin da suka wuce, kuma har yau ban yafe mata ciwon bayan da ta jawo mini ba. Matar ba ta san awo ba sam. Sai ta ce a zuba sha'ir har zuciya ta kwanta, ni kuwa in bi ta da kofi ina aunawa, don kada wata mata a Manchester ta ƙona tukunyarta ta tsine mana.

Mu tara ne a lokacin, 'yan addinin Wika, wani addini na tsafi da girmama halitta, a ƙauyenmu na bakin tekun Cornwall a Ingila. Mutanen gari suna ce mana mayu, amma ranar bikin girbi su ne kan gaba wajen cin burodin Lowenna. Littafin ɗan ƙarami ne. Kowane girki da kalmomin da ake faɗa a kansa da lokacin da ya dace da shi: burodin zuma na sasanta ma'aurata, tuffa da kirfa na ranar tuna matattu, miyar sha'ir ta majinyaci. Ya bazu fiye da yadda muka zata. Mata suka yi ta aiko wasiƙu, wannan mijinta ya gudu, waccan ɗanta ya daina yi mata magana, kowacce tana so a gaya mata abin da za ta dafa. Lowenna tana amsa kowace da hannunta, tana mita tana rubutawa. Yanzu mu uku muka rage cikin taran, kuma dukkanmu gwiwa ta ƙi.

Mijinta Perran bai taɓa shiga harkarmu ba. Shekara talatin da biyar yana tuƙa bas ɗin ƙauye, kuma yakan ce addininsa shi ne ya cinye abin da aka ajiye masa. In ya dawo aiki sai ya leƙa tukunya ya tambaya ko ta yau ta soyayya ce ko ta tsayar da ruwan sama, don ya san abin da zai same shi. Ita kuma ta kai masa duka da tsumma.

Da ciwon daji ya kama shi a ƙashi, likita ya ce wata shida suka rage masa. Lowenna ta ce likitan bai san da wa yake magana ba. A wurinmu abin da kake so ya zauna, ta dama kake juya masa tukunya, yadda rana take tafiya. Abin da kake so ya tafi, ta hagu. Kullum da ƙarfe goma na safe sai ta kunna koren kyandir, ta ɗora miyar sha'ir da dankali da ganyen albasa, ta tsaya tana juyawa ta dama tana kiran sunansa a hankali. Wata shida suka wuce, shekara ta wuce, ta biyu ma ta cika. Perran yana nan, ya rame kamar tsinke, yana shan cokali biyu ya kau da kai. Ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta yi magiya, cokali biyu ne dai.

Labari ya bazu cewa miyar ta yi aiki, wasiƙu suka ƙaru. Lowenna tana jin daɗin hakan, ba zan ɓoye ba. Amma kafaɗarta ta dama ta kumbura, idonta ya faɗa. Ni nake zuwa Talata da Juma'a mu juya shi a gado mu wanke zannuwa, kuma in na fito daga gidan nan sai in zauna a motata in daɗe ban tayar da ita ba. Na gaji, ita ta fi ni gajiya, shi kuma ya fi mu duka.

An sauko masa da gado falo, inda yake hango bayanta in tana gaban murhu. Wata Talata a watan Fabrairu, ana ruwan nan da ba ya ɗaukewa, ta fara juyawa ke nan ya kira ta.

"Wenna."

"Saura kaɗan, tsoho."

"Ki juya ta ɗaya hannun, ta hagu."

Ludayin ya tsaya. Ba ta waiwayo ba, ta ce ai shi bai yarda da waɗannan abubuwa ba, shekara hamsin yana yi mata dariya.

"Ban yarda ba," in ji shi. "Amma ke kin yarda. Kullum ina kallon gwiwar hannunki tana riƙe da ni. Na gaji, Wenna. Ki sake ni."

Ta kashe wuta ta fita waje cikin ruwan sama. Na bi ta da laima, kuma a nan na yi wautar da ta fi kowacce a rayuwata. Na ce mata miya ce kawai, ta juya duk inda ta ga dama, babu abin da zai canza. Ni da na yi shekara talatin ina tsaye gefenta a da'irar ibadarmu. Ta dube ni ta tambaye ni, in miya ce kawai, me ke nan take yi shekara biyu. Na dai ci gaba da riƙe laimar.

Da na dawo ranar Juma'a na tarar ba ta yi girki ba tun rannan, shayi kawai suke sha. Tana tsaye gaban tukunya, babu kyandir. Miyar ita ce dai ta kullum, ba ta ƙara komai ba, ba ta rage ba. Ta fara juyawa ta hagu, sai hannun ya koma dama da kansa, don abin da ya saba ke nan. Sau uku yana yi mata haka. Daga ƙarshe ta kama ludayin da hannu biyu kamar mai tuƙa tuwo, ta kai shi hagu da ƙarfi, tana faɗin sunansa. Perran yana kallo daga gado.

Na tallafe shi ya zauna, ta fara ba shi. Ya sha cokali biyu, ta ja kwanon baya yadda ta saba, sai ya sake buɗe baki. Ya sha na uku da na huɗu. Ya tauna dankalin, har ya ce gishiri ya yi daidai. Bai tsaya ba sai da cokali ya fara ƙara a gindin kwano, sannan ya tambaya ko da saura.

Ta ce akwai. Ta shiga madafa, na bi ta. Ta tsaya da kwanon a hannu tana kallon bango.

"Shekara biyu ina roƙonsa ya ci, Merryn," ta ce da ni ƙasa-ƙasa. "Ashe wannan yake jira."

Na karɓi kwanon na zuba masa da kaina, don hannunta ya kasa ɗaga ludayin.