Leɓunansa a Cikin Waya

Shin Malam ya samu yin kalmar shahada kafin ya cika? Har yau ban sani ba. Ni ban yi karatu ba, 'yata ce take rubuta wannan, ina faɗa ina kuka.

Malam mijina direban motar ruwa ne a Riyad, muna zaune a unguwar Manfuha. Ya sauka duba taya a bakin titi, wata mota ta kwashe shi. Abokan aikinsa suka karɓo gawa daga asibitin Shumaisi, aka kai shi maƙabartar Oud, inda mata ba sa shiga. Duk wanda ya zo gaisuwa sai na tambaye shi. Amsar ɗaya ce: ba ya wurin.

Ina cikin takaba wata maƙwabciya ta ce a garin nan ba a haɗari ba a ɗauka a waya ba. Na sa 'yata ta nemo mini bidiyon a intanet. Na ce ta rubuta: Salamu alaikum, don Allah muna cigiyar wani bawan Allah, dattijo.

"Mama, ba a yi masa sallama. Ba mutum ba ne."

"To, ki rubuta dai."

Ta rubuta. Abin ya kawo mana tallan maganin ƙarfin maza da hotunan 'yan fim. Na tofar da yawu.

Ta ce in bar ta ta yi yadda ake yi. A nan aka haife ta, Larabcinta ya fi Hausarta. Ta goge Hausar, ta koma Larabci. Ta ce kalma kaɗan ake sa wa: haɗari, motar ruwa, sunan titin. Ba a roƙo, ba a ba da labari. Gawarwakin mutane suka cika wayar, na shekaru daban-daban. Sai ta taƙaita binciken zuwa makon da abin ya faru, ta zaɓi bidiyo kaɗai.

"Mama, khalas, mu bari."

"Kin gan shi ke nan. Miƙo."

Shi ne. Yana kwance a kan kwalta, rigarsa ta tattare har ƙirji, cikinsa a waje, mutumin da ko a gida ba ya zama babu riga. Maza sun kewaye shi, kowa da waya a hannu. Mai ɗaukar ya matso har kan fuskarsa. Kusan da ya yi ya isa ya durƙusa ya laƙƙana masa shahada, ya ja masa riga. Bai yi ba. Leɓunan Malam suna motsi. Na manna wayar a kunnena, sai na ji kiɗa. Wani ya cire muryar wurin ya ɗora waƙar baƙin ciki, wai don a ji tausayi. Kafin bidiyon ya ƙare talla ta faɗo, ta gidan cin kaza.

Na mayar mata da wayar.

'Yata ta yi ta canza kalmomi ko za a dace da mai muryar asali. An samu wasu, dukkansu da waƙar. Na ce ta daina, kowane nema sai na sake ganin cikinsa a buɗe.

Abin da na ji da kunnena shi ne na safiyar ranar. Na raka shi ƙofa na tsaya ina masa addu'a, na'urar sanyaya ɗaki tana aiki. Ya waiwayo daga kan matakala ya ce, "Amin, Hajiya. Ja ƙofar nan, sanyi yana fita."