Kwandon Kuɓewar Gwiwa

Mako biyu da dawowata Kazaure daga wankan jego, Baba ya aiko min da kwandon kuɓewa daga garinmu Gwiwa. Ranar kasuwar Gwiwa ce. Wani mai babur ɗan unguwarmu ya sauke shi a ƙofar gida, ya ce in ji Baba, yankan ƙarshe ne na gonarsa, in yanka in shanya tun da sauran rana.

Na ja kwandon na ajiye a inuwar kicin. Na ce gobe.

Ni ba ragguwa ba ce, ko in ce a da ban san kaina da ragwanci ba. Kafin in haihu, idan na kama aiki ba na tashi sai na ga ƙarshensa. Wanki ne, tun safe har in kwashe shanya. Takardun ɗalibaina ne, zama ɗaya nake yi musu. Sai ga 'yata ta fari ta zo, ba ta barcin da ya wuce na ɗan lokaci, kuma da na sauke ta daga baya sai ta buɗe ido. Ni kuwa ina jiran yinin da zan samu sukutum, in shimfiɗa tabarma in gama da kwandon nan gaba ɗaya.

Kwana na uku Inna ta kira ni.

"Kin yanka kuɓewar?"

"Na fara, Inna."

Ko wuƙa ban ɗauko ba. Da na ajiye wayar sai na rufe kwandon da buhu, don in daina ganinsa idan na shiga ɗora girki. Ba shi kaɗai na rufe ba a lokacin. Akwai takardar komawa aiki da ke cikin jaka ban cike ba, akwai gaisuwar rasuwa da ban je ba a Roni, har na fara jin kunyar zuwa saboda daɗewa.

A kwana na biyar Gwaggo, ƙanwar Baba da ke aure a bayan kasuwa, ta leƙo ganin jaririya. Ta shiga neman ruwa, ta ɗaga buhun. Ta fito da ƙwaya ɗaya, ta lanƙwasa bakin kuɓewar, ya ƙi karyewa.

"Ta saman ta fara taurin kai, ta ƙasan kuma ta yi baƙi," in ji ta. "'Yar nan, me kike jira?"

Na ce ina jiran in samu lokaci. Ban san hawaye na kusa ba sai da na ji su a kumatuna.

Ba ta yi min faɗa ba. Ta zazzage kwandon a tabarma, ta ware ta kirki gefe, ta tura ruɓaɓɓiyar ga awaki. Abin da ya tsira bai kai rabi ba. Sannan ta ɗauko faifai da wuƙa ta ajiye a gefen kujerar da nake zama in ba da nono.

"Nan za su zauna. In kin goya yarinyar, yanka goma. In ta yi kuka, ki tashi. In kin dawo, ki ƙara goma."

"Gwaggo, goma-goma yaushe zan gama?"

"To, a kwana biyar ɗin nan nawa kika yanka?"

Na yi dariya ina sharar hanci.

Ranar na yanka abin da ya rufe faifai ɗaya, a zama kusan bakwai. Abin ya yi min wuya, ba don aikin ba. Barin wuƙa a tsakiyar aiki ne ke ci min rai, in wanke yauƙin hannu, in ɗauki yarinya, in dawo in sake ɓata hannun. Sai na lura duk dawowa ta fi ta baya sauƙi, domin ba sai na yanke shawarar farawa ba. Na riga na fara.

Kwana uku na gama. Da ta bushe na auna, ba ta cika kwano biyu ba.

Na kira Inna na faɗa mata gaskiya, har ƙaryar da na yi mata. Ta ce ai ta gane tun daga muryata, kuma kada in gaya wa Baba yawan wadda awaki suka ci.

Takardar aiki a tsaye na cike ta, shafi ɗaya kafin azahar, ɗaya bayan la'asar. Roni kuwa sai da na ƙara mako guda ina juya abin a raina, don wannan ba ya yankuwa goma-goma. Wata Asabar na goya 'yata, maigidana ya kai mu tasha. Matar da aka yi wa rasuwar ta karɓi jaririyar ta ɗora a cinya, ta daɗe tana kallonta. Ba ta tambaye ni abin da ya tsare ni ba. Ta ce in matso kusa in ci abinci.