Kwanan watan hoton karsana

Lokacin da nake aiki a buron wata ƙungiyar makiyaya a Ƙonni, ni ke kula da kwamfutocinmu guda biyu. Wata safiya sai ga wata dattijuwar Bafulatana 'yar Tajaye, wadda muka saba sayen nono a wurinta. Karsanarta ta ɓace tun damina, aka gan ta cikin garken wani mutum a Dogarawa, shi kuwa ya rantse a hannunsa aka haife ta. Maigarin Dogarawa ya ce ta kawo shaida.

Shaidarta hotuna ne cikin katin waya: karsanar ɗaure a turke, da farin tabo a goshi. Sai dai duk hotunan rana ɗaya suke nunawa, ta watan jiya, ranar da aka kwafo su daga tsohuwar wayarta. Mutumin ya ce a bakin garkensa aka ɗauke su.

Ta dube ni ta ce, "Ɗana, wanga inji naku bai san gaskiya ba?"

Na ce, "Inna, ya sani. Mu ne ba mu iya tambayarsa ba. Bar mani katin."

Na san kowane fayil yana da lokaci fiye da ɗaya: ranar da ya shigo katin, da ranar da aka yi masa rubutu na ƙarshe, kuma kwafi ba kullum yake shafe na biyun ba. Na zauna rubuta 'yar manhajar da za ta tambayi injin waɗannan lokuta, fayil bayan fayil. Da farko wata doguwar lamba ta ba ni, na wuni kafin in gane daƙiƙoƙi ne da sai an mayar da su kwanaki. Wuta ta ɗauke sau biyu, ban tashi ba.

Rana ta uku kwanan watan ya fito: Sallar layyar bara. Ban yarda nan take ba, don agogon waya yana iya yin ƙarya. Na jera hotunan bisa lokacinsu, sai ga wanda ke bin na karsanar, raguna ne a tsire kewaye da wuta, a gidanta.

Ni da dattijuwar muka shiga motar kasuwa zuwa Dogarawa. Maigari ya sa malamin lakwal, wato makarantar boko, ya karanta takardar da na buga a gaban jama'a. Sai mutumin ya ce a wurin wani baƙo ya same ta. Ya kwance igiya da kansa. Dattijuwar ta ja abarta, ta nufi Tajaye a ƙasa.